Sallamar da Na Amsa a Wayar Yagana

Zuwa ga ƙanwata Falmata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya sanyin Jos, ya aiki? Mu nan Gwange sai godiyar Allah.

Falmata, ga abin da ya faru. Wayar nan da kika aiko wa 'yarki Yagana da ke wurina don sauraron karatu, ashe har wasa take yi a ciki. Na taɓa leƙawa, na ga 'yan tsana suna guje-guje, na ƙyale ta.

Ranar Talata da la'asar ta bar wayar a kan tabarma ta tafi alwala. Sai na ji sallama daga cikin wayar, muryar babban mutum. Kin san ba a barin sallama, na amsa. Sai ya ce, "Hajja ce? Ya gwiwar?" Innalillahi! Na ce, "Bawan Allah, wane ne kai?" Sai ya katse.

Da na tambayi Yagana, ta ce, "Abokin wasana ne, Hajja. Ya ce ƙanwarsa 'yar ajinmu ce." Ashe ya san Islamiyyarsu, ya san lungun da take bi, ya san ran Alhamis ina asibiti saboda ciwon gwiwa.

Amana kika ba ni. Ina ta tsaron ƙofar gida, ashe baƙon yana hannunta. Ki yafe mini. Wayar tana akwatina sai kin zo, kuma ni nake raka ta makaranta yanzu, da gwiwar tawa a haka.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Yayarki,
Hajja Bintu