Sunan Seipone Ba Ya Cikin Littafin Kamfani

Kuruman, 9 ga Fabrairu, 1999

Ƙanena Gaolatlhe,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Mma Lorato da yara. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka sau biyu, awaki sun murmure, ni ce dai na ƙi murmurewa.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Tarin nan da na ce maka sanyi ne, ba sanyi ba ne. A watan Satumba aka kai ni asibiti, suka soka mini allura a haƙarƙari, suka zuƙe ruwa ya kusa cika kwalba biyu. Likita ya ce ciwon daji ne a fatar da ta lulluɓe huhu, kuma ƙurar asbestos, dutsen nan da muke fasawa, ita ta kawo shi. Na ce masa ai ramin ma'adinan da na yi wa aiki ya yi shekara ashirin a rufe. Ya ce haka ciwon yake, ba ya gaggawa. Da na tambaye shi magani sai ya kama gyara takardun gabansa. Na gane.

Wata nas, 'yar gidan Moseki, ta ce gwamnati tana biyan diyya ga duk wanda ya yi aikin ma'adinai ya kamu da wannan ciwo. Ita ta cike mini takardu, aka tura ofishinsu na Johannesburg tare da hoton ƙirjina. Wata biyar ke nan shiru. Kai ne ɗan boko, kai ne a birni. Ka sa rigarka ta zuwa coci ka je ka tambayo mini. Ba don kaina nake nema ba. 'Yata Tshenolo ta baro makarantar horon malamai a shekararta ta ƙarshe ta zo tana jinyata, ina so in bar mata abin komawa.

Kada ka ce mini aiki ya yi maka yawa. Mai rubuta lambar motoci a ƙofar tasha ba minista ba ne.

Yayarka,
Seipone

Soweto, 2 ga Maris, 1999

Zuwa ga Yayata Seipone, mahaifiyar Tshenolo,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na sami wasiƙarki, kuma na yi matuƙar baƙin ciki da abin da ke cikinta. Mma Lorato tana gaishe ki, ta kuma sa sunanki a addu'ar matan coci.

Na je ofishin sau uku. Zuwan farko layi bai zo kaina ba aka tashi. Na biyu aka ce mai riƙe da mabuɗin ɗakin fayil ba ya nan. A na uku aka fito da fayil ɗinki. Likitocinsu sun duba hoton, sun amince cewa ciwon na asbestos ne. Wannan ba a jayayya a kansa.

Matsalar ita ce shaidar aiki. Doka ta ce sai wanda ya yi aiki a ramin, ba wanda ya zauna kusa da shi kawai ba. Sun duba littafin ma'aikata da kamfanin ya bari kafin ya tattara, sun ga sunan mijinki marigayi Otsile, amma ba su ga naki ba. Jami'in ya ce ki kawo katin aiki ko takardar albashi. Na shaida masa cewa ba a taɓa ba mata irin waɗannan ba. Ya ce to sai dai mutum biyu da suka yi aiki tare da ke su rantse a rubuce gaban 'yan sanda, a buga hatimi.

Ina roƙonki ki hanzarta. Na sako kati mai lambar fayil ɗinki, a adana shi da kyau.

Naki cikin ladabi,
G. Seleka

Kuruman, 6 ga Afrilu, 1999

Gaolatlhe,

Ina gaishe ka. “G. Seleka” kuma? Ni na goye ka har ka yi mini fitsari a zanen Kirsimeti, yanzu kake sa mini hannu kamar alƙali.

Na nemi shaidu. Mu goma sha ɗaya ne a ƙarƙashin rumfar kwanon nan ta bakin ramin, kowa da gudumarta, muna fasa dutse muna zare shuɗin zaren muna cusawa a buhu. Ka tuna yadda kan Tshenolo yake yin fari fat da ƙura a bayana, har Mma Dikeledi take kiranta tsohuwa? To, Mma Dikeledi an binne ta kafin Kirsimeti. Na zauna ni da Tshenolo muka lissafa su ɗaya bayan ɗaya, bakwai sun tafi, kuma duk da irin tarin nan. Ɗaya ta bi 'ya'yanta Botswana, ba wanda ya san garin. Mma Gaone tana nan, amma hankalinta ya gushe, da na je ta ɗauka ni uwarta ce.

Saura Mma Kealeboga. Muka ɗauki amalanken jaki na Rra Moseki muka je, tafiyar da dā nake yi da ƙafa kafin shayi ya huce, sai da muka tsaya sau huɗu in sha iska. Na same ta a kwance, ta rame ta koma kamar tsinke. Ta dube ni ta ce, “Ke ma?” Na ce ni ma. Muka yi dariya har tari ya raba mu. Wani ɗan sanda mai kirki ya biyo mu har gida ya rubuta, ta dangwala yatsa. Ga takardar nan na sako.

Shaida ɗaya ke nan. Ina dawowa a kan amalanken abin ya faɗo mini. Wa yake zaune a bakin sikeli duk Juma'a da biro a kunne? Wa yake auna buhunana? Kai ne akawun kamfanin, Gaolatlhe. Da idona na ga ka rubuta sunana, har kana yi mini tsiya don a lokacin ban iya karanta shi ba. Me ya hana ka gaya wa jami'in tun zuwan farko? Kuma ina sunan nawa ya tafi?

Ka amsa mini da bakinka, ba da bakin ofis ba.

Seipone

Soweto, 17 ga Mayu, 1999

Yaya,

Ina gaishe ki. Na fara wannan wasiƙa sau biyar ina yagawa, shi ya sa ta daɗe.

Ni na cire sunanki. A shekarar 1974 aka ce mai binciken gwamnati zai zo. Manaja ya kira ni ya ajiye mini sabon littafi, ya ce in kwafe tsohon gaba ɗaya, amma kada mace ko yaro ko ɗaya ya fito. Buhun kowace mace a mayar da shi kan lambar mijinta ko ubanta. Asabar da Lahadi na yi ina kwafa. Da na zo kan naki na tsaya, sannan na tsallake na ci gaba. Ran Litinin ya sa aka jefa tsohon a murhun injin, ina tsaye. Daga nan har aka rufe ramin ban ƙara rubuta sunan mace ba, na dinga karkata littafin ne kawai don kada ku gani. Bai yi mini barazana ba, Yaya. Bai ma ɗaga murya ba. Ya ce in yi, na yi.

Ranar da jami'in ya buɗe littafin yana neman sunanki, rubutun hannuna ne a gabansa. Na gane shi daga inda nake tsaye, na yi shiru.

Yanzu na je gaban 'yan sanda na rantse, na rubuta duk wannan, na kai tare da takardar Mma Kealeboga. Jami'in ya karanta ya ce shaidar ɗan'uwa na jini ba ta da ƙarfi, tunda gidanmu ne zai amfana. Na ce masa ni ne akawun, ya gwada rubutun ya gani. Ya ce ba shi ke yanke hukunci ba, kwamiti ne, kuma kwamitin yana da fayil dubbai a gabansa. Na tambayi yaushe. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba.

Akwai wata magana da ya faɗa, da so samu ne ba zan rubuta ta ba. Ya ce idan rai ya yi halinsa kafin a gama, fayil ba ya mutuwa, muddin mamaci ya yarda tun yana raye, ko danginsa suka yarda, a cire huhu da zuciya a turo musu su duba. Ya ce hakan yakan taimaki magada. Ya ba ni takardar, ga ta nan. In kin ga dama ki ƙona ta.

Ban san da wane baki zan nemi gafararki ba.

Ƙanenki,
Gaolatlhe

Kuruman, 12 ga Yuni, 1999

Gaolatlhe,

Tshenolo ce ke rubutawa, ni ina faɗa, don hannuna ya daina riƙe biro. Tana gaishe da kawunta, ko da yake fuskarta ba ta nuna haka ba.

Kwana uku na yi ban ambaci sunanka ba. Na zage ka a zuci da zagin da ban san na iya ba. Ba ni kaɗai ka goge ba, mu goma sha ɗaya ne, da matan sauran rumfunan. Dikeledi ta mutu tana cewa ai sunanta na nan a littafi, wata rana za a neme ta. Wannan ba ni zan yafe maka shi ba, ba nawa ba ne.

Nawa kuwa na yafe. Shekararka goma sha tara, kuma da albashin nan Mama take cin tuwo. Ban da haka ma, ba ni da numfashin da zan ɓata a kan fushi.

Maganar takarda, ƙannen Otsile sun taru a nan ran Lahadi. Babbansu ya ce a gidansu ba a taɓa binne mutum da rabi ba, me za su gaya wa ɗan'uwansu in na isa gare shi fanko? Fasto ya ce wanda ya ƙera mutum daga ƙasa ba zai rasa huhun da zai ba shi ba. Suka yi ta ja har shayi ya ƙare. Na bari suka gaji, sannan na ce a miƙo mini tawada. Na ce musu shekara goma sha biyu na yi ina haɗiyar dutsen nan, tunda ba su gan ni a takarda ba, su buɗe su gan ni a ciki. Na dangwala a gabansu, nas ɗin nan 'yar gidan Moseki ta shaida.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ba mutuwar ba, wuƙar. Na san ba zan ji ba, amma ina jin tsoro.

Sanyi ya yi ƙarfi bana. Ka zo kafin ya wuce, ka taho mini da lemon zaƙi, shi kaɗai ke shiga. Kada ka sa rigar coci, ba ofis za ka zo ba.

Yayarka,
Seipone

Kuruman, 20 ga Oktoba, 1999

Kawu,

Ina gaishe ka da Mma Lorato. Na gode da zaman mako guda da ka yi da Mama a ƙarshen rayuwarta, da kuma tsayuwar da ka yi a asibiti ranar da 'yan'uwan Baba suka so su hana a taɓa gawarta. Har yau ba sa amsa gaisuwata. Mma Kealeboga ma ta rasu a watan jiya.

Jiya wasiƙa ta zo daga ofishin, da sunan Mama a bayanta. Sun ce kwamiti bai kai ga fayil ɗinta ba tukuna, kuma tunda hoton ƙirjinta ya wuce shekara, ana buƙatar ta zo da kanta ranar tara ga Nuwamba a sake duba huhunta, in ba haka ba za a rufe fayil ɗin.

Kawu, ban san abin da zan rubuta musu ba. Huhun da suke son dubawa yana wajensu tun watan Yuli.

Ga wasiƙar nan na sako maka.

'Yarka,
Tshenolo