Irin Ginkon da Ka Bar wa Inna a Firji

Zuwa ga Yaya Kabiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya a can China. Na rubuto a nan inda kowa zai gani, tunda saƙon waya sai ka ga dama kake buɗewa.

Ka tuna zuwanka Hayin Banki na ƙarshe? Muna zuba ido mu ga tsaraba, sai ka kwance leda, wari ya cika tsakar gida kamar ruɓaɓɓen man shanu. Wai 'ya'yan ginko ne, wata bishiyar China, za ka yi bonsai, bishiyar da ake tsarewa a 'yar tukunya ta tsufa ba ta girma ba. Ka wanke su, ka binne a jiƙaƙƙen yashi, ka cusa a firjin Inna, ka ce sai sun sha sanyi na watanni kafin a shuka. Ka kama gabanka.

Firjin da take sana'ar zoɓo da shi fa, Yaya! Ta kwashe robobinta ta ba irinka wuri. In an ɗauke wuta, da ciwon gwiwar nan take takawa bakin titi sayo ƙanƙara. In na yi magana ta ce, "Amanar Kabiru ce."

Da Inna ta shuka su suka tsiro, kai da ko ranar Sallah ba ka kira ba, sai ga ka a bidiyo kana ba da oda: a datse saiwa, a naɗe reshe da wayar ƙarfe. Ko "ya gwiwar" ba ka ce mata ba. Ta ɗaga maka tukunyar ka gani da kyau, ita kuma tana leƙen fuskarka ta gefe. Wallahi ranar na tsane ka.

Ba ta datse komai ba. Ta ce ba ta iya yi wa jariri haka.

Zafin bazara ya ƙone su, saura ɗaya. Wajen jan tukunyarta zuwa inuwa Inna ta faɗi. Hawan jini ne, ɓarin jikinta ɗaya ba ya motsi. Bakinta ya karkace, amma sunanka yana fita sarai.

Na gaya maka tana asibiti. Ka ce Allah ya sawwaƙe, sannan ka tambayi ganye nawa bishiyar ta yi. Haba Yaya! Ina kunyarka ta tafi?

Kai ne fa kake goya ni zuwa Islamiyya in ruwa ya cika lungu. Kai ne kake matsa wa Inna ƙafa ba a sa ka ba. Wannan Kabirun nake nema.

Bishiyarka ina ba ta ruwa, don Inna, ba don kai ba. An ce ginko na yin shekara dubu, to ita za ta jira ka. Inna ba za ta iya ba. Ka taho gida.

Allah ya ba ta lafiya, ya karkato da zuciyarka, ya sa ka iso tana gane ka. Amin.

Ƙanwarka da ba ta huce ba,
Rabi