Takardar Malamar Tegan da Na Ɓoye

Zuwa ga Noelene, mai shafin ba da shawara a jarida,

Yau Lahadi, sanyin Agusta ya ɗan sassauta. Tarin ya yi sauƙi, gwiwa ce dai ta ƙi. Na sha shayina, na shanya kayana, ba ni da abin kuka, sai magana ɗaya da nake roƙon ki taimake ni a kanta.

Shekarata tamanin da uku. Ni da matata Beryl muka riƙe jikarmu Tegan tun tana 'yar shekara huɗu. Beryl ta rasu, Tegan kuma tana birnin Hobart tana karatun jinya. Abin da ta ji da kunne ba ta mantawa, amma a takarda haruffa rikice mata suke yi, kullum lokaci ke ƙare mata a jarrabawa. Jami'a ta ce za a ƙara mata lokaci idan ta kawo rahoton ƙwararre kafin ƙarshen watan gobe. Shi kuma ƙwararren ya tambaya ko akwai wata shaida tun daga ƙuruciya.

Ta kira ni tana dariya, wai, "Tsoho, kai da ko murfin kwalba ba ka yarwa, tona min tarkacenka mana." Na ce mata ita ma ai cikin tarkacen na raine ta. Na ce zan duba.

Ba sai na duba ba, na san inda takardar take, cikin gwangwanin maɓallan Beryl, inda na mayar da ita bayan rasuwarta. Malamarta ta aji uku ce ta rubuto cewa a kai yarinyar a gwada ta kan matsalar karatu. Na ninke na ɓoye, ko Beryl ban nuna wa ba. A zamaninmu yaron da aka gwada, an gama da shi. An gwada ƙanena Desmond, aka mayar da shi bencin baya yana saƙar kwando, har ya tsufa mutanen garinmu Burnie suna ce masa Dolo. Na rantse ba za a yi wa Tegan haka ba. Sai ga shi ta girma ita ke kiran kanta daƙiƙiya, ina ji, ina shiru.

In na ba ta, za ta ga kwanan wata, ta gane tun yaushe na ɓoye. Ita kaɗai ta rage mini. Ta ce za ta zo yau, na gasa naman rago da dankali. Motar Hobart ta zo ta wuce, ba ta ciki. Wataƙila aiki ya riƙe ta a asibiti.

Tsoho daga Burnie

Baba,

Tsoron da ka ji a lokacin ba na banza ba ne, ka ga abin da aka yi wa ɗan'uwanka da idonka. Amma gwajin yau ba ware yaro yake yi ba, lokaci da kayan aiki yake samar masa. Takardar kuma ta Tegan ce, ba taka ba.

Kada ka jira wata Lahadi. Kira ta gobe, ka faɗa mata da bakinka kafin takardar ta isa hannunta. Ka ce ka ɓoye, ka faɗi dalili sau ɗaya, kada ka yi ta kare kanka. Ka sa a yi maka kwafi a ɗakin karatu na gari, ka aika mata na asalin.

Takardar ita kaɗai ba za ta isa ba, sabon gwajin ne jami'a za ta duba, amma za ta ƙarfafa shi. Ka haɗa da shafi ɗaya na abin da ka gani da kanka: yadda ta riƙa fama da aikin makaranta a gida, da labarin Desmond, domin irin wannan yakan bi dangi, ƙwararren zai so ya sani.

Za ta iya yin fushi, tana da haƙƙi. Ka bar ta ta yi, ko da ta ɗauke ƙafa na 'yan makonni. Amma ka tuna abin da za ta karanta a ciki: tun tana shekara takwas wata malama ta gane ba daƙiƙiya ba ce. Wannan ta daɗe tana bukatar ji.

Allah ya ƙara sauƙin gwiwa, ya ba ta sa'ar jarrabawa.

Noelene