Mutum Goma Sha Ɗaya na Kaka Inusa

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Ni Zakari maɗinki, wata bakwai kacal da shigata ajin koyon karatu na manya, yau mai unguwa ya ɗora mini aiki: in rubuta sunayen baƙin da ke haya a unguwarmu ba su da takardu. Ga ƴan lakwal, masu ilimin boko, birjik, amma ni ya zaɓa. Ban yi mamaki ba. Gidanmu ya saba da hukuma tun zamanin kakana Inusa.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na rubuta suna tara. Ta taran Aisa ce, mai wanki, da ƴaƴanta biyu. Ta ba ni ruwa, ta faɗi sunanta a hankali don kada in yi kuskure.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na kai aji takardar yabon da Kumandan, Baturen mulkin mallaka, ya ba Kaka, domin malamarmu, Madam Rabi, ta fassara daga Faransanci kowa ya ji. Shekara ɗari tana cikin gafaka, ba mai iya karanta ta a gidanmu. Madam ta duba, ta ce, "Malam Zakari, bari sai an tashi." Na ce a'a, a gaban jama'a.

Ta karanta. Shekarar 1924. Ana yaba wa Inusa saboda ya nuna mutum goma sha ɗaya da suka shigo daga kudu, ƙasar da Ingilishi ke mulka, ba takardar izinin wucewa. An mai da su kudu a ƙasa. Huɗu mata ne. Ladansa takobi.

Takobin da nake ratayawa kowace shekara ranar Bianu, babban bikin garinmu.

Iliya maƙeri ya ce, "Ashe aikin gado ne, ranka ya daɗe magatakarda!" Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, ban san dalili ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ban buɗe shago ba.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na tambayi Madam a keɓe ko mutanen sun isa gida. Ta ce takarda ba ta faɗa ba, ba a rubuta irin wannan.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Mai unguwa ya zo karɓar sunayen. Na shaida masa hannuna bai nuna ba tukuna, rubutuna ba ya karantuwa, ya nemi wani. Ya ce, "Kai da ka ce ka kusa fin Madam?"

Shafin sunayen kuwa, matata Hafsa ta hura wutar shayi da shi tun safe. Ni na miƙa mata. Abin takaici, shi ne rubutu mafi kyau da na taɓa yi.