Siminti a Cikin Inji

Kawu Sule,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Yaya ƙafar, ta yi sauƙi? Yaya Inna Rabi da yara, yaya mutanen gareji? Ni lafiya ƙalau, sai kewar gida.

Kawu, shekaranjiya na ga abin al'ajabi a nan Guangzhou, ƙasar Cana. Ɗan Canan da nake sayen kayan gyara a wurinsa ya kai ni garejinsa, inda yake haɗa manyan motocin tsere masu shan gas. Ina tsaye ya dama wani abu kamar siminti, ya fara ɗurawa a hanyoyin ruwan inji! Wallahi sai da na riƙe hannunsa, na ce, "Oga, ruwa fa?" Ya yi dariya ya ce, "Meyo," wato babu.

Da waya ya fassara mini bayanin. Ƙarfin da suke ɗora wa injin zai iya tsaga shi, simintin ne ke riƙe bangonsa. A saman injin kaɗai ruwa ke zagayawa, da ƙanƙara ake sanyaya shi, gudun kuma na 'yan daƙiƙu ne, sai a kashe injin. Da ya tayar da motar da ya gama haɗawa, har cikin haƙorana na ji ƙuginta. Na zuba wa allurar zafi ido, ba ta kai ja ba. Ikon Allah!

Sai na tuna marin da ka yi mini ranar da na bar lagireto ba ruwa. A nan kuwa kofin gasa ake ba wanda ya hana inji ruwa.

A sa ni a addu'a. Ka gaida Habu direba, amma kada ka ba shi labarin nan. Na san halinsa, gobe zai sayo buhun siminti ya nufi tirelarsa.

Ɗanka,
Nura