Bidiyon Da Na Nuna Wa Inna

Zuwa ga ƙanena Murtala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a duk tekun da jirginku yake. A shafinka na intanet na rubuto, tunda kiran waya ba ya samunka.

Ka san ni da rubuta abin da ya faru kowace rana. Na duba littafina sau uku don kada in yi maka ƙarya. Tun da ka samu aikin girki a jirgin Turawan nan mai tafiya da iska, sau biyu ka kira Inna cikin shekara uku. Ciwonta ya tsananta da kaka, na tura maka saƙo huɗu. Alama ta nuna ka buɗe su.

Ranar wata Laraba ka sa bidiyo biyu daga wani tsibiri. A na farko kana ƙarƙashin ruwa, tukunyar iska a bayanka, gilashi a fuska, kana bin kififfiya. A na biyu kana cikin ɗan kwalekwale mai cin mutum ɗaya, kana tuƙi kana dariya.

Na farkon na nuna mata. Ta gane ka da tabon hannunka, na lauje. Ta ga kumfa na fita daga bakinka, kana ƙara yin ƙasa, sai bidiyon ya yanke. Ka tuna yadda take hana mu zuwa dam ɗin Mairuwa, tana cewa ruwa ba ya mayar da abin da ya karɓa. Ta tambaye ni ko ka fito. Na biyun yana nan ƙarƙashin yatsana. Na kashe wayar, na yi shiru.

Ta ɗauka ruwa ya ci ka, amma ba ta faɗa wa kowa ba. Ranar Juma'a ta sa aka soya waina aka raba, maƙwabta suka ɗauka sadakar neman lafiya ce. Taka ce. Daga ranar ta daina zabura idan waya ta yi ƙara, ta daina sa ni leƙa motocin kasuwar Yankara ko kana ciki. Har ta ɗan ci abinci. Ta ce, "Ashe ba ƙi na ya yi ba." Ta yafe maka, kwana tara bayan haka ta cika.

Na rubuta a littafina cewa tausayinta na ji. Bayan mako na soke, na rubuta cewa haushinka ne. Har yau ban san wanne zan bari ba. Amma ka sani, wanda ruwa ya ci ta yafe wa. Kai mai dariya a kwalekwale ba ta taɓa ganinka ba, ban kuma san inda za ka nemo taka yafiyar ba.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mini shirun da na yi. Kai kuma Allah Ya riƙa fito da kai duk sanda ka nutse.

Yayanka da ya binne ta,
Ashiru