Notin da Baba Vernon Ya Manta

Harlan Creek, Ohio
Talata, 25 ga Agusta, 1998

Zuwa ga Yayata Janelle,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarki, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Russell da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa sanyin Alaska ya zo muku da sauƙi bana. Mu nan lafiya lau. Na leƙa Mama ranar Lahadi bayan coci, gwiwar ta yi sauƙi har tana shiga lambu, tumatir ya yi mata yawa ta rasa wanda za ta ba. Ta ce in gaya miki ta gaji da hotunan duwatsu, fuskokin jikokinta take son gani. Littattafan nan uku da kika aiko sun iso. Biyu na cinye su a mako guda, na ukun kuwa ko buɗe shi ban yi ba, kuma in kin ji dalili sai kin riƙe baki.

Kin tuna jar motar nan Chevelle ta surukina, Baba Vernon, wadda kika gani lulluɓe da tamfol lokacin bikinmu? Sabuwa ya saye ta a 1970, kuma a cikinta aka kawo mijina Curtis gida daga asibiti yana jariri. Shekara goma sha ɗaya tana ajiye, sai shekara biyu da suka wuce shi da Curtis suka fara tayar da ita, kowace Asabar suna gareji. To, idon Baba ya yi rauni, likita ya ce babu gyara. Lasisinsa na tuƙi jiya Litinin ya ƙare, ranar da ya cika saba'in da ɗaya, kuma tun tuni ya ce ba zai je ya sha kunya wajen gwajin ido ba. Abu ɗaya ya sa a ransa: ya tuƙa motarsa da hannunsa a jerin gwanon tsofaffin motoci da aka yi a babban titi ranar Asabar ɗin nan da ta wuce. In ranar ta kuɓuce masa, shi da sitiyari sun yi sallama ke nan.

Ranar Laraba kafin jerin gwanon suka zuba mai za su tayar da ita karon farko. Ina zaune kan matakala da littafina, ina ta tsara yadda abin zai kasance, injin ya yi ruri, uba da ɗa su rungumi juna. Curtis ya murɗa makulli, ta yi tari biyu ta yi shiru, sai warin fetur ya cika wurin. Ashe bututun da ke kawo mai daga tanki a baya zuwa famfo a gaba, gishirin da ake watsa wa titi da hunturu don narkar da ƙanƙara ya gama cinye shi. Curtis na taɓa shi ya farfashe gida bakwai. Ya buga wa masu sayar da kayan mota waya, aka ce wanda aka riga aka lanƙwasa daidai da motar sai bayan kwana goma. Baba ya cire hularsa, ya dube ta, ya mayar.

Washegari Curtis ya sayo bututun ƙarfe a naɗe, ya ce da hannu za su lanƙwasa. Amma kafin a yi haka sai an kwantar da tsohon bututun a gefe ana kwaikwayonsa, ga shi tsohon ya zama tarkace. Dole wani ya shiga ƙarƙashin motar da siririyar wayar ƙarfe ya bi hanyar bututun yana lanƙwasa ta, kwana bayan kwana, kuma akwai wurin da hannun Curtis ba ya shiga ko da an shafa masa mai. Sai na ji Baba yana cewa, "Kira min Malamar Littafi, ai ita ko ta ƙarƙashin ƙofa wucewa za ta yi." Da wannan sunan yake kirana tun da na zo gidan, kuma ban taɓa sanin ko yabo ba ne ko ba'a. Na kwashe rigunanmu na zube kan gado, na warware wayoyin rataye kaya guda tara, na kwanta a ƙarƙashin mota. Yaya, a littattafaina iska ce ke kaɗa gashin yarinya. Ni tsatsa ce ta cika min gashi da haƙora. Baba yana kan kujerarsa yana karanto min hanyar da ka: "Bayan tayar baya ki hau sama, ki nisanci salansa, in ba so kike ki gasa mu ba." Duk kwanar da ya faɗa sai in same ta a inda ya ce. Curtis ya bi wayata ya lanƙwasa ƙarfen, bai karye ko sau ɗaya ba, na tsaya ina kallon hannun mijina kamar yau na fara ganinsa.

Ranar Juma'a da la'asar saura abu ɗaya. Ana buɗa bakin bututun ya zama kamar ɗan mazurari, noti ya matse shi a jikin famfo don kada mai ya tsiyaya. Sai dai dole a fara zura notin kafin a buɗa bakin, don bayan an buɗa ba zai wuce ba. A garejin nan akwai wani katako da suke kira allon kunya. Duk wanda ya manta noti, sai ya yanke bakin da ya ɓata, ya kafa shi da ƙusa, a rubuta sunansa. Curtis yana da uku, abokan Baba kowa da nasa. Baba kuwa shekara talatin da uku yana ɗaura bututu a masana'anta, kuma babu baƙon da zai shigo bai nuna masa cewa sunansa ba ya kan allon ba. Ya ce bakin ƙarshe shi zai yi. Da lalube ya yi shi, a hankali, sannan ya ɗaga yana cewa, "Ku shafa ku ji! Makaho ma ya fi ku." Ni kuwa ina ɗaga ido sai ga noti a kan tebur, kusa da kofin kofi.

Curtis ma ya gani. Ya girgiza min kai, na gane nufinsa, a bari Baba ya shiga gida sannan shi Curtis ya gyara a ɓoye. Na tuna tun da idon ya fara lalacewa haka muke yi masa, a gyara masa maɓallin riga da dabara, a matso masa da cokali ba tare da ya sani ba, kuma na ga ba zan iya yi masa haka a kan motarsa ba. Na ɗauki notin na sa masa a tafin hannu. Ya daɗe yana juya shi. Can sai ya ce, "Ja'ira, tun yaushe kika gan shi?" Na ce yanzun nan, Baba. Ya juya wajen Curtis ya ce, "Kai kuma sarkin shiru, jira kake a binne ni ka ba mutane labari?" Sai ya fashe da dariya har da tari, ya ce a miƙo masa guduma.

Curtis dai bai yi dariya ba, don in aka yanke bakin bututun zai gajarce, kuma babu sauran ƙarfe. Nan na faɗa musu cewa na ƙara inci guda a ƙarshen wayata, yadda Mama ta koya mana mu bar rara in muna yankan yadi. Aka yanke, aka zura noti, Baba ya sake buɗawa. Ya kai daidai, da ƙyar. Shi da kansa ya kafa guntun a allo, ya ce ni in rubuta sunansa, kuma da manyan baƙaƙe.

Da safiyar Asabar Curtis ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashi ya tayar da ita. Yaya, tagogin kicin sai da suka yi rawa. Rabin awa tana aiki, kwalin ko ɗigo. Da za mu fita Baba ya tura Curtis kujerar baya, ya ce ni in zauna gaba in zama idonsa, tunda na iya faɗar abin da na gani. Jerin gwanon ba ya wuce tafiyar ƙafa. Ina cewa ga danja ta nuna ja, ga mai keken jariri a dama, shi kuma hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a taga, tsofaffin abokansa na kiran sunansa daga bakin titi. Sau uku muka zaga. A na ukun kuka nake yi, ya ce in share idona, don mota ɗaya ba ta ɗaukar makafi biyu a gaba.

Da muka dawo gida ya daɗe zaune injin na aiki kafin ya kashe. Curtis ya miƙo hannu zai karɓi makulli, Baba ya ture hannun, ya ajiye min shi a cinya. Na ce ai ban iya mota mai giyar hannu ba. Ya ce, "To ki koya. Ni ba zan je coci a motar kai cefane ba."

Ki gaishe min da Yaya Russell, da Colleen da ƙaramin Wyatt, ki ce innarsu tana kewarsu. Mama da Curtis suna gaisuwa, Baba ma ya ce a gaida mutanen ƙanƙara. Gobe da ƙarfe huɗu zan fara koyo, shi ne malamin. Ki sa ni a addu'a, ki sa bangon garejin ma.

Taki har kullum,
Corinne